Gajerun layuka

Matameye, daren Laraba

Yau na koma fadar masu waƙa, inda muke taruwa, karon farko tun da ciwon ƙirji ya kwantar da ni. Na rera musu sabuwa. Numfashina ba ya kai ƙarshen layi yanzu, shi ya sa layukan suka fito gajeru, inda na gaji nan na tsaya.

Malam Isufu, babbanmu, ya ce, "Yaro, karin waƙar ya karye, je ka gyara."

Rabe, tsarana, ya biyo ni waje. "Wallahi ba ka taɓa yin kamarta ba, bar ta haka nan."

Wa zan ji? Ni ba da gangan na yi ba ma. In na warke sarai, numfashi ya dawo, ko zan iya sake yin irinta?