Ranar da Aka Haska Darasin Yaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, da fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Ki gaishe mini da Umma, ki ce mata ina cin abinci, ta daina sa direban da ke kawo wasiƙa yana ƙare mini kallo don ya kai mata rahoto.

Na san za ki ce na yi shiru. Aikin ne ya sha mini kai. Ofishinmu a saman bene yake, ɗaki dogo, tebura a jere, kowa da kwamfutarsa da abin ji a kunne. Ni da na saba da ihun 'yan aji huɗu, shirun nan har ƙaiƙayi yake sa ni a kunne.

Tunda Umma na faɗa wa maƙwabta wai gidan talabijin na koma, ga bayanin da za ki yi mata. Ni mai tsara darussa ce. Wata ƙungiya za ta zo ta ce tana son mutanenta su koyi abu kaza. Sai mu nemo wanda ya iya abin da gaske, mu zauna da shi, mu tatso abin da ke kansa, mu yanka shi gunduwa-gunduwa: me za a fara gani, me za a ji, wace tambaya za a yi a ƙarshe. Sannan a mayar da shi bidiyo, mutum ya kalla a wayarsa. Malanta ce dai, sai dai ba ka ganin idon ɗalibi.

Ga dalilin wasiƙar. An ba ni aikina na farko, darussa ga sababbin malamai kan koyar da karatu a aji ɗaya. Shugabana, wanda ake kira Mai Tabarau a bayan idonsa, ya tambaya wa ya san gwani. Bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Na ba su labarin murafun kwalbarki masu haruffa, da yadda yara ke tafa gaɓoɓi kafin su haɗa kalma. Yaya, sai da ya cire tabarau ya dube ni.

Don Allah ki yarda mu zo mu ɗauke ki kina koyarwa. Har yanzu a watannin gwaji nake, in wannan ya yi kyau za a tabbatar da ni. Kuma malamai ko'ina za su gan ki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kowa lafiya. Na karanta wa Umma bayaninki, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, ai talabijin ɗin ke nan." Ki bar ta a haka.

Kin san ra'ayina tun ranar da kika ajiye alli. Na ce miki kina da hannun koyarwa, kika ce ajin ya yi miki ƙunci. Ban canza magana ba, amma ba zan hana ki cin abincinki ba.

Batun ɗaukar hoto, da farko na so in ce a'a. Me za a kalla a jikin mace mai furfura da muryar da alli ya dusar? Baban yara ne ya ce, "Shekara da shekaru kina wanke murafu a bahon wankina, yau an zo a nuna wa duniya ki ce ba kya so?" Hedimasta kuwa da na gaya masa, tun ban gama ba ya aika a share harabar makaranta.

Ku zo. Sharaɗina ɗaya, ba za a zaɓo mini yara masu ƙoƙari a jera a gaba ba. Ajina yadda yake za a ɗauka, da masu majina da masu barci.

Kin rubuta "gaɓoɓi" daidai, na ji daɗi. A gaida Mai Tabarau, amma kada ki faɗa masa sunan da na kira shi.

Yayarki

*

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kun koma lafiya. Tun tafiyarku makarantar ba ta da wata hira sai taku. Yarana sun koma wasan kyamara da gwangwanin madara, ɗaya yana cewa, "Malama, a sake, ba ki yi murmushi ba," kamar yadda mai kyamararku ya yi ta damuna.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa a gaban mutanenki ba. Da na gan ki tsaye a bayan aji da takardunki, kina cewa a matsar da fitila, a dakata, a ci gaba, manya suna bin maganarki, sai da na juya wajen allo na goge abin da bai buƙaci gogewa ba. Na yi alfahari da ke. Wataƙila aikin nan naki aiki ne.

Sabon ɗinkin da na sa, telan ya matse mini hannu, in kin ga ina ɗaga hannu da ƙyar ki yanke wurin.

Hedimasta ya ce ranar taron iyaye za a haska darasin a babban zaure, har ya yi maganar aron majigi. Yaushe zai fito? Umma kullum sai ta tambaya.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, a gaida kowa. A tsaye nake rubutu, direba na jira.

Darasin ya kusa fita. Amma don Allah ki ce wa Hedimasta kada ya yi gaggawar tara mutane, an yi 'yan canje-canje wajen tacewa. Ba maganar takarda ba ce, zan zo ƙarshen wata in yi miki bayani baki da baki.

Taki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce ban gan ki ba. Na kira wayarki aka ce kina taro. Da kika ce canje-canje, na ɗauka tarina aka cire, ko hannun rigar nan. Don haka da sanarwa ta zo wa makarantu cewa darasin ya fito, Hedimasta ya ce a haska, ban hana ba. Ya so mu fara kallo a ofishinsa, ni ce na ce a bari mu gani tare da kowa.

Bari in ba ki labari, tunda aikinki ne, ya kamata ki san yadda aka karɓe shi.

Zaure ya cika. An rataya farin zanen gado a bango, an rufe tagogi da kwali. Baban yara ya ɗauki hutun yini daga wurin aiki, ya ɗauko Umma, aka sa mata kujera a gaba kusa da ni. Hedimasta ya yi jawabi mai tsawo, ya ce yau makarantarmu ta shiga duniya. Aka kunna.

Sai ga wata 'yar katun, siririya, ido dara-dara, tana murmushi ba dalili. Ta buɗe baki da murya kamar ta mai sanarwa a filin jirgi ta ce, "Kowa ya ɗauki murfinsa, ban da sa wa a baki." Yarana suka kwashe da ihu, "Malama, maganarki ce!" Na ce su yi shiru, yanzu zan fito.

Muka yi ta jira. Ita ta tafa gaɓoɓin, ita ta yi wasan nan da nake yi na mance harafi don yara su gyara mini. Umma, kin san idonta, kuma kin san ba ta iya raɗa ba, ta dafa ni ta ce, "Wai har yanzu ba a zo kanki ba?" Aka yi dariya a baya. Can wajen tsakiya aka nuna hannuwa suna jera murafu a kan tebur. Wata yarinya ta ce, "Ga hannun Malama!" Shi ke nan rabona. A ƙarshe rubutu ya wuce, ana godiya ga malaman da suka taimaka.

Hedimasta ya yi tafi, mutane suka taya shi don kunya. Wani uba ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ashe ke ma a wurin 'yar tsanar nan kika koya." Wasa yake yi, na yi masa dariya.

Ba rashin ganin fuskata ne ya dame ni ba, ina da madubi a gida. Layi biyu kika kasa rubuto mini, da ban ɗauko tsohuwa na zaunar a gaban jama'a ba.

Darasin ya tsaru, wannan gaskiya ce. Tambayoyin ƙarshe sun yi ma'ana.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarki a matakalar bene, na kasa komawa tebur. Ban san ta inda zan fara gaishe ki ba.

Ga yadda aka yi. Da muka gama tacewa ta farko, ke ce a ciki daga farko har ƙarshe. Aka tara wasu sababbin malamai su gwada kallo, haka ake yi wa kowane darasi. Wasu suka ce hayaniyar aji ta yi yawa, wasu suka ce ba sa jin muryar sosai a ƙaramar waya, wani ya ce an cika jan lokaci. Wakiliyar ƙungiyar da ta ba mu aikin ta ce a ɗauki maganarki a ba 'yar katun, a ɗora wata murya, zai fi jan matasa.

Mai Tabarau ya juyo ya ce, "Ke ce mai darasin, me kika gani?"

Yaya, ina da amsa. Na san jan lokacin da suke faɗa shi ne inda kike jiran yaro ya gano da kansa, kuma abin da sabon malami ya fi buƙatar gani ke nan. Maganar tana bakina. Sai na dubi matar, na tuna ita za a tambaya yadda na yi aiki kafin a tabbatar da ni. Na ce, "Hakan ma ya yi."

Ni na zauna na rubuta wa 'yar katun abin da za ta faɗa, ina mayar da muryarki baya ina kwafa. Kullum sai in ce gobe zan rubuto miki. Ƙarshen watan nan har na je tasha, na ga motar tana lodi, na juyo. Na yi ta faɗa wa kaina Hedimasta zai fara kallo shi kaɗai, ya gane, ya fasa taron, sai ya zama ba ni na faɗa ba.

Da na nuna wa Mai Tabarau damuwata, kin san me ya ce? "Ai shi ya sa na tambaye ki. Da kin tsaya, da na mara miki baya, ko buɗewa da rufewa a bar wa yayarki. Na ɗauka ba ki damu ba." Na roƙa a sa sunanki, ya ce darasin ya riga ya bar hannunmu.

An tabbatar da ni. An kawo lemo ofis ana taya ni murna, ban iya sha ba. Yanzu suna son kashi na biyu, kan lissafi, sun ce in sake nemo ki, wannan karon da fuskarki da sunanki a rubuce. Tunanin ajiye aikin nake, in dawo in karɓi ajina in Hedimasta zai yarda.

Ki yafe mini, Yaya. Ki roƙar mini Umma da Baban yara. Ko zagi ne ki rubuto, zan karɓa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta.

Kada ki ajiye aiki. An riga an ba wani ajinki, kuma ba ki ɓata darasin ba. Kashi na biyu ki nemi wata, ni na gaji. Ki gaya mata gaskiya tun farko.

Jiya wata sabuwar malama daga makarantar bayan kasuwa ta zo karɓar takardu a wurinmu. Ta leƙo ajina, ta ga ina fama da wani yaro, ta ce, "Mama, akwai wata dabara da na koya a waya, da murafun kwalba, yarana har sun fara karatu. In nuna miki?" Na ba ta kujera. Ta nuna mini tsaf, ba ta tsallake komai ba, sai dai tana saurin ba yaro amsa. Na ce Allah ya yi mata albarka, na ƙaru.

Umma ta ce ki zo hutu. Ki zo.

Yayarki