Na Haɗa Bokiti Mai Shayar da Kansa, Maƙwabciyata Ta Daina Kula Ni

Gwaggo, don Allah ki taimaka min, garin neman gira ina shirin rasa ido.

Ni direban babbar mota ne, in na ɗauki kaya sai in yi kwanaki ban dawo ba. Gwauro ne ni, tun da muka rabu da matata ban sake aure ba. A gidan haya nake, kuma a ƙofar ɗakina ina da 'yan shuke-shuke a tsofaffin bokitan fenti: tumatir, barkono da na'a-na'a. Kada ki yi dariya, su ne iyalina.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata baiwar Allah ce mai ɗinki, mijinta ya rasu da daɗewa. Wata rana na dawo daga tafiya na tarar tumatirin da na bari yana shirin mutuwa ya miƙe kore shar. Ashe ita ce ta ji tausayinsa. Daga nan, in zan tafi sai in bar mata gwangwanin ban-ruwa, in na dawo in kai mata tsaraba, ita kuma ta tsayar da keken ɗinki ta ba ni rahoto: wanne ya yi fure, wanne tsutsa ta taɓa. Rahoton da za a gama kafin shayi ya huce, sai mu cinye yamma muna yi, ni a kan benci, ita a bakin ƙofarta. Gaskiya ina sonta, Gwaggo. Ban taɓa faɗa ba. Ni da ba a ka da ni a cacar baki a tasha, da na zo gabanta sai bakina ya mutu, ba abin da ke fita sai zancen barkono.

To, famfon gidanmu ya fi ɗaukewa a kan kawowa, kuma na lura daga waje take ɗebo ruwan, ga ciwon baya na zaman keke. Abin ya dame ni. Sai makanikenmu ya koya min wata dabara. Bokiti biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na sama shi ke ɗauke da ƙasa da shuka, a huda gindinsa da ƙusa mai zafi. Na ƙasa shi ne rumbun ruwa. Sai a zura lagwani ta hujin, kansa a cikin ƙasa, jelarsa a cikin ruwa, ya riƙa jawowa a hankali kamar na fitila. A gefe kuma a sa guntun bututu da za a riƙa zuba ruwa ta ciki.

Ga inda na yi wautar. Makanike ya ce lagwanin auduga ya fi sha, sai na je na roƙe ta ƙyallaye ban faɗa mata dalili ba, wai ni a dole zan ba ta mamaki. Ta zaɓo masu kyau, ta yayyanka su dogaye, har ta bi gefensu da keke don kada su zare.

Abu ya yi kyau. Na kira ta ina washe baki, na ce daga yau ta huta, ko wata guda zan yi a hanya ba na buƙatar kowa. Ta dubi bokitan, ta dubi ƙyallayenta, ta ce madalla, Allah ya ƙara basira. Washegari na tarar da gwangwanin a ƙofata, an wanke shi tas an kife.

Tun daga ranar sai gaisuwa sama-sama. In na shigo keken ba ya tsayawa, ƙara gudu ma yake yi. Shi kuwa tumatir, marar kunya, sai ƙiba yake. Yanzu mai gidan ya tsegunta min cewa kuɗin hayarta na ƙarewa za ta koma unguwar yayanta.

Abin da nake tunani shi ne in huda bokitan ƙasa a ɓoye, shukar ta yi yaushi, sai in je in ce na'urata ta lalace, ta agaza min. Makanike ya ce wannan ita ce dabara. Ke me kika gani?

Direban da tumatirinsa ya ƙoshi

*

Ɗana direba, ajiye ƙusar nan. Makanike ya iya bokiti, amma ka daina kai masa zancen zuciya.

Niyyarka kyakkyawa ce. Ka ga mace na wahala ka nemi hanyar sauƙaƙa mata, maza da yawa ko lura ba za su yi ba. Amma ka tsaya a inda take ka duba. Ba wanda ya ɗauke ta aikin lambu. Macen da ke da ɗinkin mutane jibge a gabanta ba ta ɗebo ruwa daga waje don ƙaunar barkono kawai. Kai kuma ka sa ta ɗinka abin da zai sallame ta da hannunta, sannan ka ce ba ka buƙatar kowa. Kai hutu kake nufi, ita sallama ta ji. Ko ni ce, da na kife maka gwangwanin.

Duk da haka ban shiga zuciyarta ba, kai ma ba ka shiga ba. Mai yiwuwa komawarta kusa da yayanta na da wani dalili daban. Ba za ka sani ba sai ka tambaya.

Huda bokiti kuwa ban yarda ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wadda ta san kowane ganye a ƙofarka za ta gane hujin ƙusa da kallo ɗaya. Ka kashe shukar da ta raina, ka ƙara da ƙarya, laifi ya zama biyu.

Bokitanka ma suna da sauran gyara. Ka yi ƙaramin huji a gefen na ƙasa, daidai inda gindin na sama ya tsaya, don rarar ruwa ta fita, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe. Ka ɗaure bakin bututun da raga saboda sauro, kada maƙwabta su tsine maka. Lagwanin auduga yana ruɓewa, ka riƙa dubawa kana canzawa. Sabon dashe kuma sai an shayar da shi ta sama har saiwarsa ta kama.

Na san yanzu kana murna ka sami sabon dalilin zuwa wurinta. A'a. Ka daɗe kana aika tumatir ya yi maka magana, ga inda ya kai ka. Ka je da rana tsaka, ka yi sallama, ka jira keken ya tsaya. Ka ba ta haƙuri a kan kalmar da ka faɗa, ka gaya mata ciwon bayanta ne ya sa ka haɗa bokitan. Sannan ka faɗi abin da ka rubuto min, da bakinka, ka nemi izinin tura manyanka wurin yayanta. Ka yi wannan kafin tafiyarka ta gaba, kada ka dawo ka tarar da kwaɗo a ƙofarta.

In ta ce a'a, ka karɓa da mutunci, ranar tashinta ka kwashe mata kaya a motarka. In ta ce to, ka ce wa mai gida kada ya damu, ɗakin nata zai dawo hannunsa dai, sai dai amarya ba za ta yi nisa ba, ɗakinka za ta tare.

Allah ya buɗe bakinka, ya tsare hanya, ya zaɓa muku mafi alheri.

Gwaggonku