Kumatu da Baba Tela

Litinin, 3 ga Maris

Wai ka taɓa ganin uban da 'yarsa ke tsoro? To ga ni. Ina can wajen aikin titi aka haifi Kumatu, sai yanzu na samu na zo garin nan, har ta fara rarrafe. Na miƙa hannu ta fasa ihu kamar ta ga ɓarawo. Amma tsohon telan nan na ƙasan benenmu, tarinsa kawai za ta ji ta hau zillo. Wajensa uwarta ke barin ta da safe in za ta tafi sharar asibiti.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sayo mata 'yar tsana. Ta jefar. Tsumman shagon Baba tela take tsotsa.

Lahadi, 9 ga Maris

Na lura da abin awon da yake ratayawa a wuya take wasa. Na je kasuwa na sayo irinsa na rataya. Uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki, wai "Maigida, ɗinki za ka fara?" Kumatu ta fizge abin, ta miƙe wajen ƙofa tana neman mai shi. Ban ci abinci ba.

Laraba, 12 ga Maris

Yau ma ta yi kuka na sauka na miƙa wa Baba tela ita. Tana taɓa kafaɗarsa ta yi tsit. Ya ce, "Yaro, kai da ta buɗe baki sai ka miƙo ta. Yaushe za ta san kai ma kana iya kashe kuka?" Na ce to Baba. A raina na ce wa ya tambaye ka. Hancina ne fa a fuskarta, ba nasa ba.

Litinin, 17 ga Maris

An kwantar da Baba tela, za a yi masa aikin ido. Allah ya yafe min, da na ji sai da na ji daɗi. Na roƙi ogan wurin wankin motar da nake aiki yanzu ya mai da ni aikin yamma.

Talata, 18 ga Maris

Kuka tun safe. Ba wanda zan miƙa wa. Ni ma saura kaɗan.

Juma'a, 21 ga Maris

Gajiya ta sa na zauna da ita a cinya, ƙafata na rawa. Sai ta yi shiru. Ashe motsin taka keken ɗinki ta saba da shi. Haka na yi ta taka keken da babu har ta yi barci, yawunta ya jiƙa min riga. Ban canja rigar ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Baba tela ya dawo. Ta tafi wajensa da dariya. Can wata babbar mota ta danna oda a bakin shagon, ta firgita, ta juyo tana waige-waige. Ni ta miƙo wa hannu. Wataƙila don na fi kusa ne. Baba ya gyara tabarau ya ce, "To, an sallame ni." Dariya ya yi, amma ya daɗe yana neman zaren da ke hannunsa. Gobe zan sauko masa da ita ko na ɗan lokaci, shagon ya yi shiru da yawa.

Bari in tafi, ga ta can ta farka.