Saniyar da ta tuna hanya

Laraba da dare, bayan girbi

Da la'asar ni da Yaya muna tsaye, dillali yana auna gonar marigayi Baba, wai za ta yi fulotai, sai ga shanun Baffa Jauro sun dawo cin kara. Tsohuwar saniyar da ke gaba ta nufi burtalin da suka saba bi, ta tarar an gina katanga. Ta kafa wa bulon ido, ta ƙi motsi.

Baffa ya ce, "Hanyar uwarta ce, Hajara. Ba ta san an sayar ba."

Ikon Allah. Dabba ma ba ta manta ba, sai ni?

Na ce wa Yaya rabona na gonar ba na sayarwa ba ne. Shi ma saniyar yake kallo.