Fim ɗinmu na makaranta ya mai da kawuna abin dariya

Assalamu alaikum jama'a masu karanta wannan shafi. Malam Edita, ina roƙonka ka sakaya sunana da na makarantarmu, sunayen da zan ambata ma ba na ainihi ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon aikin ofis a nan Kaduna, ina ajin ƙarshe. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, akwai kuma wani Bature malaminmu mai 'yar kamarar ɗaukar fim, irin wadda ake wanawa kamar agogo. Shi ya ce zai ara mana ita, ya ba mu fim ɗan kaɗan, mu yi gajeren wasa da kanmu a nuna ranar da manyan baƙi ke zuwa makaranta. Kamarar ba ta ɗaukar magana, hoto ne kawai, sai in ana nunawa wani ya riƙe lasifika yana bayani, kamar dai yadda ake yi a majigi. Aka ba mu aikin mu biyu, ni in tsara labari in riƙe kamara, abokina Danladi kuma ya harhaɗa fim ɗin ya yi bayani, saboda Allah ya ba shi baki. Danladi ɗan wani babban akawu ne a Doka, tun shigarmu makaranta gadonmu ke kusa da juna, ban taɓa ɓoye masa komai ba.

Labarin da na tsara na wani yaro ne da ya shiga boko ya fara jin kunyar sana'ar ubansa, daga baya ya gane kurensa ya dawo ya durƙusa ya nemi gafara. Na sa uban ya zama mahauci, saboda kawuna da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina mahauci ne a Kurmin Mashi, sana'ar da na sani ke nan ciki da bai.

Wahala tun daga neman 'yan wasa ta fara. Mace dai babu wadda za a bari ta fito, sai wani ɗan ajinmu muka ɗaura wa zane, shi ma ya ce sai dai a ɗauko bayansa. Wanda muka ba matsayin uban kuwa gemun auduga muka liƙa masa, da ya yi gumi sai gemun ya zame, ga shi ko wuƙa bai iya riƙewa ba. Danladi ne ya kawo shawara, ya ce me zai hana mu roƙi Kawu shi da kansa. Na je na same shi, ya ƙi, ya ce, "Ni da girmana in tsaya yara suna wasa da ni a bainar jama'a?" Na yi ta lallashi, na rantse masa cewa ba abin da zai zubar masa da mutunci, labarin ma na girmama iyaye ne. Daga ƙarshe ya ce, "To ɗana, tunda kai ne."

Ga damina, rana ta fito mu gyara tsayuwa, kafin in wana kamara hadari ya rufe ta. Yara su cika wurin suna leƙo kai suna ɗaga hannu, masu sayen nama su bar ciniki su zuba wa kamara ido. Kawu kuma da ya ji ƙararta sai ya ajiye wuƙa ya ƙame kamar soja, sai na yi ta cewa Kawu ci gaba da aikinka, kamar ba ma nan. Ba damar maimaitawa, don fim ɗin bai da yawa. Bawan Allah nan haka ya riƙa korar masu ciniki saboda mu, bai taɓa ɓata fuska ba.

Wata rana da aka kira la'asar, Danladi ya ce in bar masa kamarar ya ɗan ɗauki hotunan kasuwa na cike gurbi, zai biyo mu masallaci. Na miƙa masa ba tare da tunanin komai ba.

Aka aika fim ɗin Ingila wanki, muka yi ta jira. Da ya dawo sai muka tarar wurin da yaron ke durƙusawa neman gafara ya fito baƙi ƙirin, hadari ya ci shi, Baturen kuma ya ce ba shi da sauran fim. Hankalina ya tashi, ga zazzaɓi ya kwantar da ni a makon. Danladi ya ce in kwantar da hankalina, shi zai san yadda zai yi da almakashi da bakinsa. Ban ga abin da ya haɗa ba sai ranar nunawa. Abin da nake gode wa Allah a kai kawai shi ne Kawu bai zo ba, ya tafi Rigachikun sayen dabbobi.

Aka rufe tagogin babban ɗaki, aka kunna. Abin da ya fara fitowa teburin Kawu ne, an ɗora wani ruɓaɓɓen hanji a kai, ƙudaje sun yi masa baƙi, ga kare yana lasar ƙafar teburin. Wallahi ban taɓa ganin wannan a teburin Kawu ba, mutumin da kullum da safe sai ya wanke shi da ruwan zafi da toka. Daga baya na ji cewa Danladi ne ya je juji bayan kasuwa ya kwaso hanjin da hannunsa ya ɗora, muna cikin salla. Sai ga fuskar Kawu yana furzar da ruwa daga baki. Alwala fa yake yi, yana kurkure baki, amma Danladi ya yanka ya liƙa shi daf da hoton nama, duk wanda ya gani zai ce a kan naman ya tofa. Sai na ji muryarsa a lasifika, "Jama'a, ga Sarkin Ƙazanta, ku sayi nama a ba ku gyaran yawu kyauta!" Ɗaki ya kece da dariya. Yaron da na tsara a matsayin mara kunya shi ya koma mai hankali, wai ya guji ubansa ne saboda ya yi ilmi ya san tsafta. A nan fim ya ƙare. Manyan baƙi suna tafi, wani har da share hawayen dariya, aka kuma kira sunana wai ni na tsara labari. Na tashi na fice daga ɗakin.

Da na tare Danladi, ko a jikinsa. Ya ce fim ba shi da ƙarshe, shi ya cece mu daga jin kunya, kamata ya yi in gode masa. Ya ce ai ba a ambaci sunan Kawu ba. Na ce fuskarsa fa, wa bai san ta ba daga Kurmin Mashi har Rigachikun? Ya ce hoto ne kawai, kuma mutane za su koyi tsafta. Da na matsa sai ya ce in daina ɗaga masa murya, ai mahauta dama duk haka suke, in ba a yi ranar ba an yi wata rana. Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya ke nan. Na kai maganar wurin Baturen, ya ce bai san an ɗora hanjin da gangan ba, bai ji daɗi ba, amma darasin da ke ciki mai kyau ne.

To ga inda abin ya cakuɗe. Cikin baƙin akwai wani babba daga masu yawo da motar majigi, ya ce fim ɗin ya burge shi, yana so a zaga da shi unguwanni da ƙauyuka, kuma in mun gama makaranta zai ɗauke mu mu biyu aikin koyon fim. Kun san yadda ake ta maganar 'yan Arewa su karɓi ayyuka daga hannun Turawa, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, kuma aikin nan raina yana sonsa. Na tambaya ko za a cire wurin ƙudajen da na alwalar, aka ce ai su ne fim ɗin. Baturen ya ce ba zai bayar ba sai mu biyu mun yarda, gwangwanin fim ɗin ma yana akwatina, kuma shi kaɗai ne kwafin, babu wani. Ni kuwa har yanzu ban yarda ba. Yanzu 'yan ajinmu sun daina yi mini magana, Danladi ya gaya musu baƙin ciki nake yi. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce in tuna shi zai rubuta mini takardar shaida. In kuwa aka nuna shi a unguwarmu, wa zai sake sayen naman Kawu? Dubagari mai duba tsafta ma ba zai bar shi ba, yara kuma sun samu sunan da za su bi shi da shi har ya mutu.

Jiya da hantsi sai ga Kawu a kan kekensa a ƙofar makaranta, da ƙunshin balangu, wai na abokina ne da ya sha wahala a kansa. Danladi ya fito ya durƙusa har ƙasa, "Sannu da zuwa Baba, an gode Baba," ya karɓa da hannu biyu. Kawu ya ce da ni, "Yaushe za a kawo mana namu mu gani? Na fa gaya wa liman da mai unguwa, kowa yana jira." Na ce masa ana gyara. Yana juya keke Danladi ya zauna a gindin bishiya ya buɗe ƙunshin, ya cinye tas yana lasar yatsu.

Jama'a me zan yi? In ƙone fim ɗin, alhali kayan Bature ne, a kore ni ina dab da gamawa? In ƙi yarda kawai in haƙura da aikin da takardar shaida, bayan Kawu ya zuba ido in fara aiki in kama masa ɗawainiyar ƙannena? Ko in je in durƙusa in gaya masa gaskiya, shi ya yanke hukunci? Wannan na ƙarshen shi na fi tsoro, don na san halinsa, yana iya sunkuyar da kai ya ce in ba su su nuna, tunda ni zan samu aiki. Iyayena da yayyena masu karatu, in ku ne, wanne za ku ɗauka?