Muryar Umaru da Ɗan Tani Ya Goge

Daren Talata, Aliero

Hajara, matar ƙanena, ita ka rubuta min. Rubuta yadda nac ce, kar ki gyara.

Yau na amso rikodata wurin Ɗan Tani mai gyaran rediyo a kasuwar Jega. Cin zaren kaset takai, shi nak kai ta. Ashe na mance kaset ɗin ɗana Umaru a ciki, wanda yay yi min magana yab ba direban motar albasa ya kawo daga Ikko, wata biyu kafin rasuwarshi. Ba ni da hotonshi, wagga murya kaɗai gare ni.

Na dawo gida na kunna in ji "Inna, kin wuni lafiya?" Sai nij ji tarin Ɗan Tani, yana "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu," abokanshi na dariya. Jan maɓallin ɗaukar murya yad danne bisa muryar ɗana.

Na koma da la'asar. Ko tashi bai yi ba. Wai, "Haba Iya, kaset ne fa. Ɗauki sabo, na waƙa ma."

Na waƙa, Hajara!

To, ban yafe ba. Ran kasuwa tabarma zan shimfiɗa bakin rumfarshi, in ƙure ƙara tun hantsi. Duk wanda yaz zo da rediyo a hammata sai ya ji tarin nan, in gaya mishi muryar wa aka binne ƙarƙashi.

Gobe ki sa a sawo min batir sabbi, shida. Na gaji.