Ragon da Ba a Yanka Ba

Batna, 16 ga Oktoba, 1962.

Zuwa ga ƙanena Ammar, a Dimashƙa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara wa idonka sauƙi. Mu a nan muna gode wa Allah a kowane hali.

Na san labarin ya riga takardata isa, amma ina so ka ji shi daidai. Ɗana Lahadar ya rasu ranar Litinin, uku ga Satumba, da hantsi, a kan gadar hanyar Arris, yana da shekara talatin da huɗu. Rundunoni biyu na mayaƙanmu, waɗanda suka kori Faransa tare, suka ja daga a kan wanda zai riƙe garin, shi kuwa ya shiga tsakani hannu sake, ba makami. Ya gama magana da ɓangare guda, ya juya zai tsallaka wurin ɗayan, aka harbe shi ta baya. Ni na yi masa wanka, saboda haka na san inda harsashin ya shiga.

Ka bar shi yana saurayi, ba ka ga abin da ya zama ba. Ya yi kurkukun Faransa sau biyu, ya yi shekara bakwai yana yaƙi a kan duwatsu. Amma mutanen yankinmu na Auras ba da bindiga suka fi saninsa ba. Duk lokacin da dangi biyu suka bar abokin gaba suka koma kan juna, shi ake aikawa. Kuma bai taɓa yarda a yanka ragon sulhu ba sai mai laifi ya cire rawaninsa, ya tsaya a ƙofar gidan da ya cuta, ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, kamar yadda kakanninmu suke yi. Yakan ce da ni, “Baba, ba naman ne ke kashe wutar ba, kunyar ce.”

Ranar addu'ar arba'in sai ga Rabah, shugaban ɓangaren da harsashin ya fito. Kana tuna shi, ɗan mai gidan wanka. Yana cikin waɗanda muke kira mutanen Maris, wato waɗanda jarumtakarsu ta tsiro bayan an tsagaita wuta a watan Maris. Ya zo cikin kaki mai sabon guga, da jibgegen rago da buhun garin kuskus. Ya sumbaci kaina, ya ce, “Haba Baba Malam, Lahadar ai namu ne duka! A yanka, mu sa hannu a akushi guda, magana ta mutu.” Ya ƙara da cewa za a mayar da gawar maƙabartar shahidai, a sa wa titi sunansa, a kuma rubuta a dutsen kabari cewa Faransawa suka kashe shi a watan Fabrairu. Wai ya fi daraja, wai ƙasa sabuwa ce, ba ta jure irin wannan magana.

Matata Yamina ba ta iya haƙurin da na koya a makaranta ba. Daga bayan labule ta ɗaga murya ta ce, “Wai ba wannan ne mai kai wa matar kyaftin ɗin Faransawa ƙwai ba? Yaushe ya koyi ƙirga watanni?” Hashimi ɗan yayarmu kuwa ya miƙe zai nufi ɗaki, na kuwa san abin da ya ajiye a can. Na ce ya zauna, ya zauna.

Ban ɗaga murya ba. Na shaida wa Rabah cewa na karanta shari'a biyu, ta Musulunci da ta Faransa, ban ga inda rago yake tsayawa a madadin shaida ba. Na ce ba na neman jinin kowa, domin wanda muka binne ba zai yafe mini ba in na nema. A kawo wanda ya harba, ya cire hularsa a ƙofata, ya faɗi ranar da wurin, ni kuma zan ci da shi a gaban jama'a. Ya dubi agogonsa, wanda na sani a hannun wani Bafaranshe mai gonar inabi, ya ce ana jiransa a taro. Ya tafi ya bar ragon, don a ce na karɓa. Mutumin da bai san abin da ake fara yi kafin yanka ba, shi ne yau yake rabon shahada kamar mai rabon sukari.

Ka gaishe da Zulaiha, da Munsif, da Nafisa da mijinta. Yamina da Warda, matar marigayin, suna gaishe ku.

Ga inda muke. Ragon yana ɗaure a tsakar gida, ba a yanka ba. Kabarin ba shi da dutse, domin mai sassaƙa yana tsoron rubuta Satumba. Bindigar Hashimi tana kulle a ɗakina, ban san tsawon lokacin da zai ci gaba da jin maganata ba. Har yau ba wanda ya tsaya a ƙofar.

Wassalam. Yayanka,
Balƙasim.